Musuluntar Barka Khan ce ta raba daular Mongol, ko kuwa rigimar gado?

Sadiƙu_Gwale:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wata magana da ake yawan faɗa a majalisun karatu, cewa daular Mongol, waɗanda littattafan malamanmu ke kira Tatar, ta wargaje ne saboda abu biyu. Na farko shi ne kayen da Mamalik, sojojin bayi da suka zama sarakunan Masar, suka yi musu a Ainu Jalut ta ƙasar Falasɗinu a shekarar 1260. Na biyu kuwa musuluntar Barka Khan, jikan Jangis Khan, wanda aka ce ya ɗaura yaƙi da ɗan'uwansa Hulaku domin ɗaukar fansar Halifa Musta'asim da aka kashe a Bagadaza a 1258. Ni dai zuciyata ta karkata ga wannan ra'ayi, domin daga waɗannan shekaru ne aka daina jin labarin daula guda, aka koma jin labarin dauloli huɗu: ta gidan Juci a bakin kogin Volga, ta gidan Hulaku a Farisa da Iraƙi, ta gidan Cagatai a tsakiyar Asiya, da ta Kubilai a ƙasar Sin. Ina roƙon masana tarihi da ke cikin wannan zaure su faɗa mana ko maganar tana da tushe.

Malam_Habu_Tarihi:
Wa alaikumus salam, Malam Sadiƙu. Abubuwan biyu da ka ambata duk sun faru, amma a ganina an ɗora musu nauyin da ya fi ƙarfinsu. Ɓarakar ta riga su, kuma a cikin gida ta fara.

Jangis Khan ya rasu a 1227, ya bar 'ya'ya huɗu daga uwargidansa Borte: Juci, Cagatai, Ogedai da Tolui, sai dai shi Juci ya riga mahaifinsa rasuwa da ɗan lokaci, rabonsa ya koma hannun ɗansa Batu. Kowane gida an ba shi jama'a da wurin kiwo, amma daular ana ɗaukarta dukiyar zuri'a baki ɗaya, ta yadda ɗan sarkin da ke zaune a Volga yake da kason haraji a Buhara ko a arewacin Sin. Babbar matsalar ita ce ba a bar wata ƙa'ida tabbatacciya ta gadon sarauta ba. Sai an yi babban taron 'ya'yan sarauta da sarakunan yaƙi, wanda suke kira kurultai, kuma wanda ya fi yawan dakaru da magoya baya shi ke rinjaye.

Ogedai ya yi mulki daga 1229 zuwa 1241 ba tare da babbar jayayya ba. Bayan rasuwarsa matarsa Toregene ta yi riƙon ƙwarya shekara biyar kafin ta samu ta ɗora ɗanta Guyuk a 1246, kuma Batu ya ƙi halartar naɗin saboda tsohuwar gaba da ke tsakaninsu tun yaƙin Rasha. Guyuk ya rasu a 1248 yana kan hanyar yamma da runduna, kuma mutane da yawa a lokacin sun ɗauka Batu ya nufa. To daga nan ne Batu ya haɗa kai da gidan Tolui suka ɗora Monke a 1251, suka fitar da sarautar daga gidan Ogedai. Monke ya bi bayan wannan da kashe-kashe a gidajen Ogedai da Cagatai, har da matar Guyuk. Ku lura cewa Barka da kansa ne Batu ya tura da dakaru domin a tabbatar da wannan naɗi. Duk wannan ya faru shekara bakwai kafin faɗuwar Bagadaza.

Da Monke ya rasu a 1259 yana yaƙi a kudancin Sin, sai ƙannensa biyu, Kubilai da Arik Boke, kowanne ya kira nasa taron a 1260, kowanne ya ce shi ne babban Khan. Sun yi shekara huɗu suna yaƙi. Wannan ne ya karya daular, kuma babu Musulmi ko ɗaya a cikin su biyun.

Ummu_Hanifa:
Allah ya gafarta Malam, bayanin ya gamsar ta fuskar gabas, amma ina ganin an tauye wa Barka haƙƙinsa. Mutumin nan ya musulunta tun kafin ya hau mulki, a lokacin da musulunta ba ta da wata riba ga ɗan gidan Jangis Khan, kuma an san alaƙarsa da Shehu Saifuddin Baharzi na Buhara, almajirin Najmuddin Kubra. Abin da ya fi ƙarfi a wurina shi ne, Rashiduddin, wazirin da ya rubuta tarihinsu a fadar jikokin Hulaku, shi da kansa ya kawo cewa Barka ya zargi Hulaku da rusa biranen Musulmi da kashe Halifa ba tare da shawarar dangi ba, kuma ya yi alkawarin zai tuhume shi kan jinin bayin Allah. Marubucin da ke cin abinci a gidan abokan gabar Barka ba shi da dalilin ƙirƙira masa wannan magana. Idan mutum ya faɗi dalilinsa da bakinsa, me zai sa mu tsallake shi mu nemo masa wani?

Ardo_Manu:
Hajiya, ba a musa imanin Barka ba, Allah ya jiƙansa. Amma a duba inda aka yi yaƙin. Ba Bagadaza Barka ya nufa ba, kuma bai mayar da halifanci ba. A Azarbaijan da Arran da filin Mugan aka yi ta gwabzawa, kudu da duwatsun Kaukasus, kuma waɗannan wurare ne mafi kyawun makiyaya a duk yankin, akwai inda dabbobi za su yi hunturu a ƙasa kusa da koguna, akwai inda za su hau tudu idan zafi ya zo. Gidan Juci na ganin wurin nasu ne tun rabon Jangis Khan, sai ga Hulaku ya zo da sunan yaƙin dangi baki ɗaya ya kafa gidansa a can, ya mai da Maraga da Tabriz biranensa. Duk wanda ya taso a ruga ya san cewa 'yan'uwa na iya haƙuri da juna kan abubuwa da yawa, amma ba kan mashaya da wurin da shanu za su ci rani ba. Sojan Mongol kuwa ba da doki ɗaya yake fita yaƙi ba, yana jan wasu a baya yana sauyawa, saboda haka ciyawa ita ce rundunarsa.

Kuma kada a manta, akwai dakarun gidan Juci a cikin rundunar da ta ci Bagadaza, ƙarƙashin 'ya'yan sarautarsu uku. Dukkan ukun sun mutu a hannun Hulaku ko a sansaninsa cikin ɗan lokaci, ɗaya an kashe shi bisa zargin sihiri, sauran kuma Barka ya yi zargin guba aka ba su. Sai bayan haka yaƙi ya ɓarke a 1262.

Ɗan_Azhar:
Ina so in kawo ɓangaren Masar, domin a nan nake karatu, kuma masallacin Zahir Baibars da aka gina a shekarun 1260 yana nan tsaye a Alƙahira, nakan yi sallar Juma'a a cikinsa tun da aka sake buɗe shi bayan gyara. Mutanen nan suna ɗaukar Ainu Jalut da girma ƙwarai, kuma suna da gaskiya, domin da an ci Masar a wannan shekara, da babu wata babbar daular Musulmi da ta rage tsakanin Farisa da Magrib. An yi yaƙin ranar 25 ga Ramadan 658, wato 3 ga Satumba 1260, Sarki Ƙuɗuz da Baibars suka karya rundunar Kitbuƙa, sarkin yaƙin Hulaku, aka kashe shi. Amma Malam Habu ya yi daidai kan cewa ba wannan ne ya raba daular ba, domin Hulaku ya riga ya janye mafi yawan mayaƙansa zuwa Azarbaijan kafin yaƙin, bayan labarin rasuwar Monke ya iso masa.

Inda nake tare da Ummu Hanifa shi ne abin da ya biyo baya. Baibars, wanda ya gaji Ƙuɗuz a sarautar Masar, ya rubuta wa Barka yana kiransa da sunan 'yan'uwantakar addini, manzanni suka yi ta kai da kawowa tsakanin Alƙahira da Sarai, babban birnin gidan Juci. Wannan shi ne karo na farko da wani ɗan gidan Jangis Khan ya ƙulla ƙawance da sarkin waje domin yaƙar ɗan'uwansa. Kafin wannan, a idon Mongol sarkin waje ko dai mai mubaya'a ne ko ɗan tawaye, babu na uku. Addini ne ya buɗe wannan ƙofa. Sai dai akwai ciniki a ciki, domin shi Baibars ɗan Kibcak ne da aka sayar tun yana yaro, kuma rundunar Mamalik ba ta rayuwa sai da sababbin yaran da ake sayowa daga ƙasar da Barka ke mulki, a bi da su ta Baƙin Teku da mashigin Kustantiniya zuwa Masar.

Nafi'u_Kt:
Ina neman ƙarin haske kan Bagadaza. Mutum nawa aka kashe? Kuma da gaske ne kogin Dijla ya koma baƙi saboda tawadar littattafai?

Dakta_Rabi:
Malam Nafi'u, alƙaluman sun sha bamban. Ibn Kasir ya kawo maganganu da suka fara daga 800,000 har zuwa miliyan 2. Shi kuwa Hulaku, a wasiƙar da ya aika wa Sarkin Faransa Luwis na Tara a 1262, ya yi iƙirarin fiye da 200,000. Masu binciken zamani sun fi karkata ga ƙananan alƙaluma, ganin cewa birnin ya riga ya ragu sosai daga yadda yake a zamanin Haruna Rashid, amma ko mafi ƙanƙantarsu bala'i ne mai girma, ga kuma annobar da ta biyo bayan gawarwakin. Batun tawada a kogi ya fito ne a rubuce-rubucen da suka zo daga baya. An yi asarar littattafai ba shakka, amma an kwashe masu yawa zuwa Maraga, inda Nasiruddin Ɗusi ya fara gina cibiyar nazarin taurari a 1259 da kuɗin Hulaku. Makarantar Mustansiriyya ta ci gaba da aiki, Ibn Baɗuɗa ya tarar ana karatu a cikinta a 1327, kuma gininta yana nan har yau. Wani abin da ya shafi maganar Ardo: a cikin waccan wasiƙa Hulaku ya ambaci ƙarewar guzuri da abincin dabbobi a matsayin dalilin janyewarsa daga Sham.

Malam_Habu_Tarihi:
Na gode wa Dakta. Zan koma kan hujjar Hajiya Ummu Hanifa da tambaya ɗaya: idan addini ne ya haddasa gabar, me ya kamata ya faru da addinin ya sauya? Barka ya rasu a kan hanyar yaƙi da Abaƙa ɗan Hulaku, wanda ya gaje shi kuwa, Monke Taimur, ba Musulmi ba ne, amma ya ci gaba da ƙawance da Masar. A ɗaya gefen, Gazan jikan Abaƙa ya musulunta a 1295 kafin ya hau gadon sarauta, ya ɗauki sunan Mahmud, ya rusa gidajen gumakan Buda, amma wannan bai hana shi kai wa Sham hari ba. Ya karya Mamalik kusa da Hims a ƙarshen 1299, dakarunsa suka shiga Dimashƙa, ya sake ɗaura wani yaƙin, sai a Shaƙhab a Ramadan na 1303 aka karya rundunarsa.

Mafi bayyana ma, a zamanin Uzbak Khan, wanda ya yi mulkin gidan Juci daga 1313 zuwa 1341, da Abu Sa'id na gidan Hulaku, dukkansu Musulmi ne, ana yi musu addu'a a kan mumbarai, amma Uzbak ya kawo yaƙi Azarbaijan har sau biyu. Abu Sa'id ya rasu a 1335 yana kan hanyar tarbarsa. Ɗan Uzbak, Janibak, shi ne ya ci Tabriz a 1357. Kusan shekara ɗari ana yaƙi a kan ƙasa guda, addinin sarakunan ya sauya sau da yawa, ƙasar da ake nema ba ta sauya ba.

Abu_Sumayya:
Shi ya sa Shaihul Islam Ibn Taimiyya bai yarda da musuluncin rundunar Gazan a matsayin abin da zai hana a yaƙe su ba. Ya fita ya sami Gazan lokacin da ya matso Dimashƙa, ya yi masa magana gaba da gaba kan zaluntar Musulmi, daga baya ya ba da fatawar yaƙarsu, hujjarsa ita ce suna fifita Yasa, dokokin Jangis Khan, a kan shari'a. A Shaƙhab yana cikin rundunar Mamalik, har ya ba mayaƙa fatawar su sha azumi domin su samu ƙarfi. Ni a wurina wannan ya isa nuna cewa musuluntar waɗannan sarakuna ta siyasa ce.

Ummu_Hanifa:
Malam Abu Sumayya, wannan hukunci ya yi faɗi da yawa, kuma zukata Allah ne ya san su. Idan siyasa ce kawai, to siyasa ce mai tsada. Ahmad Takudar, ɗan Hulaku, ya hau mulki a 1282 yana Musulmi, ya aika wa Sarki Ƙalawun na Masar manzanni yana neman sulhu, bayan shekara biyu Argun ɗan Abaƙa ya tumɓuke shi aka kashe shi. Tarmashirin na gidan Cagatai ya musulunta, ya ɗauki laƙabin Ala'uddin, Ibn Baɗuɗa ya zauna a sansaninsa ya shaidi yadda yake kiyaye sallar jam'i cikin tsananin sanyi, har ya kawo labarin limamin da ya ƙi jiran sarki ya tayar da salla, sarkin ya zo ya bi sahun baya bai yi fushi ba. A 1334 manyan fadarsa suka tumɓuke shi, suna cewa ya bar dokokin kakansa, ya daina taron shekara, ya ƙaurace wa gabashin ƙasar inda makiyayan da ba su musulunta ba suke. Bayan ɗan lokaci daular Cagatai ta rabu biyu, yamma ta birane irin su Samarƙandi da Buhara, gabas ta makiyaya.

Saboda haka ina amsa wa Malam Habu cewa na yarda addini bai kawar da rigimar ƙasa ba, amma ya yi wani aikin daban. Ya sa dangin sun daina ganin juna a matsayin gida ɗaya. Kubilai da zuriyarsa sun rungumi addinin Buda irin na Tibet, gidaje ukun yamma suka shiga Musulunci. Gazan ya cire sunan babban Khan na Sin daga kan kuɗinsa ya sa kalmar shahada. Gado ya tsaga bangon, amma addini ne ya sa ba a sake haɗa shi ba.

Injiniya_Kazan:
Ni a Kazan na yi karatu, babban birnin Tatarstan a Rasha, kuma akwai abin da mutanen wurin ke yawan tunatarwa: Musulunci ya riga Mongol zuwa Volga. Mutanen Bulgar sun karɓi manzannin Halifa Muƙtadir a shekarar 922, tafiyar da Ibn Fadlan ya rubuta labarinta, fiye da shekara 300 kafin Batu ya ci ƙasar a 1236. Na je kufan birnin Bulgar, akwai hasumiya da kaburburan da aka gina a zamanin gidan Juci. Abin da nake nufi shi ne, Mongol ɗin asali 'yan kaɗan ne a wannan daula, mafi yawan talakawa da sojoji Turkawan Kibcak ne, 'yan kasuwa da malamai kuma Musulmi ne daga Hawarizm da Bulgar. Sarakunan sun narke cikin jama'arsu, harshe ya koma Turkanci, addini ya koma Musulunci. Ina ganin an fi mai da hankali kan sarakuna, alhali sau da yawa rundunar ce ke musulunta kafin sarkinta.

Wannan gida kuma shi ya fi sauran daɗewa. Sarakunan Rasha sai da takardar izininsu suke hawa mulki, kuma Mosko ta yi ƙarfi ne da aikin tara musu haraji. Ko bayan da Rashawa suka karya Mamai, sarkin yaƙin gidan, a Kulikovo a 1380, Toktamish, sarkin gidan Juci, ya ƙone Mosko a 1382. Kazan ta faɗi hannun Ivan na Huɗu a 1552, Astrahan a 1556, Kirimiya kuwa, wadda sarakunanta zuriyar Juci ne ƙarƙashin inuwar daular Usmaniyya ta Turkiyya, ta kai har 1783. Babban masallacin da ke cikin ganuwar Kazan, wanda aka buɗe a 2005, an sa masa sunan Ƙul Sharif, limamin da ya mutu tare da almajiransa wajen kare birnin.

Alhaji_Na_Kwari:
Kun bar Sin a baya. Harkar kasuwa ta taɓa kai ni birnin da Larabawa ke kira Zaitun, a gaɓar tekun kudu maso gabas, inda na ga tsohon masallacin dutse da duwatsun kaburbura masu rubutun Larabci da aka adana, da yawansu na zamanin Mongol. Kubilai, wanda ya sanya wa daularsa suna Yuwan a 1271 kuma ya kammala cin kudancin Sin a 1279, bai amince wa 'yan ƙasa da manyan muƙamai ba, sai ya riƙa ɗauko baƙi. Sayyid Ajal Shamsuddin, mutumin Buhara, shi ya yi gwamnan Yunnan daga 1274 har rasuwarsa a 1279, kuma Musulmin wannan lardi suna girmama shi har yanzu. Ahmad Fanakati ya riƙe baitulmali har aka kashe shi a 1282. Amma wannan Kubilai ɗin ne ya hana yanka irin na Musulmi a wajen 1280, sai da 'yan kasuwa suka ƙaurace haraji ya ragu sannan aka janye dokar bayan wasu shekaru. Jikansa Ananda ya musulunta tare da dakarunsa da yawa, ya nemi sarauta a 1307, bai samu ba, aka kashe shi. Da ya samu, da maganar Hajiya ta rabuwar addini ta ɗauki wata fuska.

Dakta_Rabi:
Tun da Alhaji ya ambaci Kubilai, ya kamata a ambaci mahaifiyarsa, Sorgagtani, matar Tolui. Ita ta haifi Monke da Kubilai da Hulaku da Arik Boke, kuma ita ta ƙulla da Batu har sarauta ta dawo gidanta. Kirista ce ta cocin gabas, amma ta ba da kuɗi aka gina makarantar Musulunci a Buhara, aka damƙa ta ga wannan Shehu Baharzi da Ummu Hanifa ta ambata. Uwargidan Hulaku, Dokuz Hatun, ita ma Kirista ce. Wannan na nuna cewa a ƙarni na farko gida ɗaya kan ƙunshi addinai uku ba tare da an rabu ba, domin abin da ya haɗa su jini ne da dokar kakansu. Ibn Baɗuɗa ya yi mamakin matsayin matan fadar Uzbak, yadda sarki ke tashi ya tarbi uwargidansa a gaban jama'a, kuma a cikin ayarin ɗaya daga matan sarkin ya tafi Kustantiniya. Wannan matafiyi shi ne daga baya ya zo Mali a 1352, ya biyo ta Takedda, ya ambaci Gobir cikin ƙasashen da ake kai tagullar garin.

Bashir_Zinder:
Ina da tambaya da ta ɗan kauce. Taimur da sarakunan Mugal na Indiya, su ma ana lissafa su cikin magadan?

Malam_Habu_Tarihi:
Taimur ba jinin Jangis Khan ba ne, ɗan kabilar Barlas ne a ƙasar Cagatai, kuma ya san iyakarsa. Daga 1370 zuwa rasuwarsa a 1405 bai taɓa kiran kansa Khan ba, ya tsaya a kan Amir, ya auri 'yar gidan domin a kira shi surukin sarauta, ya kuma ajiye wani ɗan zuri'ar a matsayin sarkin je-ka-na-yi-ka yana mulki da sunansa. Mutumin da ya ci Delhi a 1398, ya ci Dimashƙa da Bagadaza a 1401, ya kama Sarki Bayazid a Ankara a 1402, ya kasa ɗaukar laƙabi ɗaya saboda ba a haife shi a gidan ba. Kuma shi, Musulmi, shi ya karya gidan Juci na Musulmi, ya fatattaki Toktamish a 1391 da 1395, ya ƙone Sarai. Babur kuwa, wanda ya kafa daular Mugal bayan yaƙin Panipat a 1526, ɗan zuriyar Taimur ne ta wajen uba, ta wajen uwa kuma jikan Yunus Khan na gidan Cagatai. Waɗanda suka kore shi daga Samarƙandi, Uzbakawan Shaibani Khan, zuriyar Juci ne.

Sadiƙu_Gwale:
Na gode ƙwarai da waɗannan bayanai. Amma har yanzu tambayata tana nan ta wata fuska. A wace shekara za a ce daular ta daina zama ɗaya? Idan 1260 ce, to shekarar Ainu Jalut ce, kuma mai cewa yaƙin ne ya karya su zai ci gaba da faɗa.

Ɗan_Azhar:
Ni zan ce 1262, ranar da Barka da Hulaku, 'ya'yan wa da ƙane, suka zare wa juna takobi, har aka karya rundunar Hulaku a bakin kogin Terek cikin hunturu, ƙanƙara ta fashe da mayaƙansa da yawa. Daga nan Hulaku bai sake samun damar juyowa Masar da dukkan ƙarfinsa ba. Wannan kariya ce Allah ya yi wa Makka da Madina da Alƙahira ta hannun Barka, ko mene ne ya fara tunzura shi.

Malam_Habu_Tarihi:
Ni kuwa zan nuna 1269, lokacin da Kaidu jikan Ogedai da Baraƙ na gidan Cagatai da wakilin gidan Juci suka yi taro a Talas suka raba harajin ƙasar Buhara da Samarƙandi tsakaninsu ba tare da sun nemi izinin Kubilai ba. Kaidu ya yi shekara talatin yana yaƙar gidan Kubilai, kuma ba a kan addini ba.

Dakta_Rabi:
Dukkanku kuna gaggawar binne daular. Gidan Hulaku ya daɗe yana karɓar hatimi da izini daga Sin. Kubilai ya aika da babban jami'insa Bolad zuwa Farisa a wajen 1285, ya zauna a can, kuma daga bakinsa Rashiduddin ya samo da yawa daga tarihin Mongol na farko. Daga Sin aka kwaikwayo kuɗin takarda da aka gwada a Tabriz a 1294, kasuwa ta ƙi karɓa aka janye shi cikin makonni. A 1304 gidajen duka suka yi sulhu suka amince da fifikon Taimur Khan jikan Kubilai, wanda ba shi ne Amir Taimur ba, ko da a baki ne, kuma Uljaitu ƙanen Gazan, Musulmi, ya rubuta wa Sarkin Faransa Filib a 1305 yana alfahari da cewa zuriyar Jangis Khan sun daidaita kuma hanyoyi sun buɗe. Wasiƙar tana ajiye a Paris. Wannan shekara goma ce bayan musuluntar Gazan, don haka ban ga yadda za a ce shahada ta yanke zumuncin nan take ba.

Ummu_Hanifa:
Dakta, sulhun 1304 bai hana komai ba, domin cikin 'yan shekaru gidan Cagatai ya koma yaƙi da Farisa da Sin. Sulhun da ya riƙe shi ne na 1323 tsakanin Abu Sa'id da Sarki Nasir Muhammad na Masar, wanda ya kawo ƙarshen yaƙin shekara sittin, ya tabbatar da hanyar alhazan Iraƙi. Shekara ɗaya bayansa Mansa Musa ya iso Alƙahira a kan hanyar hajjinsa. Abu Sa'id, ɗan zuriyar Hulaku, ya iya daidaitawa da magadan waɗanda suka kashe Kitbuƙa, alhali ya kasa daidaitawa da ɗan'uwansa Uzbak. Wannan na iya zama hujjar Ardo, yana kuma iya zama tawa.

Ardo_Manu:
Tawa ce, Hajiya, domin Masar ba ta taɓa neman filin Mugan ba, kuma sittin ɗin shekaru sun nuna wa gidan Hulaku cewa ciyawar Sham ba za ta riƙe dawakinsu ba.

Injiniya_Kazan:
Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma ya shafi tambayar Malam Sadiƙu ta farko. Rabuwa daban, faɗuwa daban, domin gidajen huɗu sun yi shekara saba'in suna tsaye da ƙarfinsu bayan sun rabu, sannan suka durƙushe kusan lokaci guda. Abu Sa'id ya rasu a 1335 bai bar ɗa namiji ba, sarakunan yaƙinsa na Jalayir da Cuban suka yayyaga ƙasar. Gidan Cagatai ya tsage a shekarun 1340. Annoba ta shiga ƙasar gidan Juci a 1346, bayan 1359 kuma aka shafe shekara ashirin ana naɗa sarakuna ana kashewa a Sarai. A Sin, ambaliyar Rawayan Kogi ta 1344 da yunwa da lalacewar kuɗin takarda suka haifar da tawayen 1351, har Togon Taimur ya gudu daga babban birninsa a 1368 daular Ming ta maye gurbi. Ina so Malam Habu ko Dakta Rabi su faɗa mana ko annobar ce ta haɗa waɗannan huɗun, ko kuwa kowanne ciwonsa daban, domin gidan Hulaku ya riga annobar faɗuwa da fiye da shekara goma.